Firintar da ta fi kwamfutocin ofis ƙarfi: nazarin lamarin LaserWriter

Ranar 23 ga Janairu, 1985, a taron shekara-shekara na masu hannun jari, kamfanin Apple ya fito da wata firinta mai suna LaserWriter, ya yanka mata farashi dala 6,995. Kwamfutar Macintosh da aka fara sayarwa shekara guda kafin nan dala 2,495 ce. Wato na'urar da za ta buga takarda ta kusa ninka kuɗin wadda za a rubuta takardar da ita har sau uku. Ga kuma kishiya zaune a kasuwa tun 1984: LaserJet ta kamfanin Hewlett-Packard, a kan dala 3,495. In ka kwance su biyun, inji iri ɗaya za ka tarar a ciki, ƙirar kamfanin Canon na Japan, mai fitar da shafi takwas a minti, da ɗigo 300 a kowane inci. Duk mai hankalin ciniki zai tambaya, to ragowar dala 3,500 ɗin fa, kuɗin mene ne?

Wani ɓangare kuɗin kwamfuta ne, domin kwamfuta sukutum aka dasa a cikin firintar. Ƙwaƙwalwarta Motorola 68000 ce, irin ta Macintosh, amma ta firintar tana gudun megahaz 12, ta Macintosh ba ta cika 8 ba. Ma'adanar aikinta megabayit ɗaya da rabi, alhali babbar Macintosh ta lokacin kilobayit 512 gare ta, ƙaramar kuwa 128. A shekarar, duk cikin kayan da Apple yake sayarwa babu kwamfutar da ta kai wannan firinta ƙarfi. Ɗaya ɓangaren kuma wata 'yar ƙofa ce a jikinta, inda ake soka wayar sadarwa mai suna AppleTalk. LaserJet ta mutum ɗaya ce, kwamfuta ɗaya ake jona mata. LaserWriter kuwa tun daga tushe ta gayya ce. In mutum goma suka haɗu a kanta, kowa dala 700 ta zo masa, sai tsadar ta koma araha.

Abin da nake son bi a nan shi ne abin da yake tafiya cikin wannan waya. Shawarar da aka yanke a kansa ita ta sa ofisoshi suka sayi na'urar, ita ce kuma ta haddasa rigimar da suka sha fama da ita shekara da shekaru.

Lissafin waya

AppleTalk ba wata gagarumar aba ba ce. Macintosh ta riga ta zo da ƙofar da za ta iya ɗaukar ta, don haka abin da kawai ake saya shi ne ɗan akwatin haɗi na kimanin dala 50 da guntun waya. Ana jera na'urori har 32, wannan a bayan wannan, tsawon kusan mita 300. A lokacin, shigar da kwamfuta ɗaya cikin Ethernet, wata hanyar haɗa kwamfutoci mai sauri, yana cin ɗaruruwan daloli. Amma araha ba ta ado: gudun AppleTalk bit 230,400 ne a daƙiƙa, kuma duk waɗanda suke kan wayar su za su raba shi.

Yanzu mu ɗauki takardar da Amurkawa suke amfani da ita, inci 8 da rabi a faɗi, inci 11 a tsawo. In aka kasa ta ɗigo 300 a inci, za a sami 2,550 sau 3,300, wato ɗigo 8,415,000, kowanne ko baƙi ko fari. Sama kaɗan da megabayit guda ke nan. Macintosh ba ta da ma inda za ta ajiye shi. Ko da tana da shi, in ta turo shi ɗigo-ɗigo ta wannan waya, sai ya ci daƙiƙa 36 da ɗoriya, shi ma in kowa a ofishin ya kama bakinsa, babu wanda ya aika komai. Injin kuwa shafi yake nema duk daƙiƙa bakwai da rabi, kuma ba ya tsayawa a tsakiyar shafi ya jira. Da zarar takarda ta shiga, ganga tana juyawa, sai ta fita. Dole shafin ya zama a shirye tsaf kafin a ja takardar.

Tunda hoton shafi ba zai wuce ta wayar ba, sai a aika bayaninsa. Kamar mai son babbar riga ne a wani gari: ba sai ya bi tela yana nuna masa inda zai soka kowace allura ba, awo zai aika da sunan aikin, tela ya san sauran. Shafin rubutu mai haruffa dubu uku ko huɗu, in aka bayyana shi da kalmomi, 'yan kilobayit ne, ya wuce kafin ka ƙifta ido. Amma sai in akwai tela a ɗaya gefen, shi ya sa aka dasa kwamfuta a cikin firintar, sai kuma in akwai yaren da mai aike da tela za su ji juna da shi.

Yaren

Yaren shi ne PostScript, na wani ƙaramin kamfani mai suna Adobe. John Warnock da Charles Geschke ne suka kafa shi a Disambar 1982, bayan sun bar cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a jihar California. A can sun yi aiki a kan wani yaren bayanin shafi mai suna Interpress, suka gaji da jiran kamfanin ya kai shi kasuwa, suka kama gabansu. Sunan Adobe ma na wani rafi ne da ke bayan gidan Warnock. Da farko niyyarsu su ƙera cikakkun na'urori su sayar. Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, yana cikin waɗanda suka karkato da su, ya ce yaren kawai yake so. Apple ya zuba dala miliyan biyu da rabi ya karɓi kusan kashi 20 cikin ɗari na kamfanin.

Fayil ɗin PostScript rubutu ne da ɗan Adam zai iya karantawa. Ga cikakken shafi guda:

%!
/Times-Roman findfont 24 scalefont setfont
72 720 moveto
(Sannu da zuwa) show
showpage

Ma'anarsa: ɗauko samfurin haruffa na Times, ka mai da shi girman 24. Ka je wurin da yake 72 daga hagu, 720 daga ƙasa. Ma'aunin kashi ɗaya ne cikin 72 na inci, don haka inci ɗaya ke nan daga gefen hagu, inci goma daga gindin takarda. Ka rubuta gaisuwar a nan, sannan ka fitar da shafin. Lura da cewa lambobi suke fara zuwa, umarni ya biyo baya. Ka kuma lura babu inda aka ambaci ɗigo. Fayil ɗin bai san ko firintar mai ɗigo 300 ce ko mai dubu biyu ba, ba ruwansa. Haruffan ma ba hotuna ba ne, zanen gefensu ne aka adana da lissafi, a faɗaɗa su ko a karkata su yadda aka ga dama. LaserWriter ta zo da guda 13 a cikinta, daga dangi huɗu: Times, Helvetica, Courier da Symbol. Mai LaserJet kuwa, in yana son wani girman harafi, sai ya sayo wani kaset ya soka.

Akwai abu ɗaya da dole a riƙe, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. PostScript ba jerin umarni ne kawai ba, cikakken yaren shirya manhaja ne. Yana lissafi, yana maimaita aiki sau dubu, yana cewa in kaza ya faru a yi kaza, yana ƙirƙirar sababbin kalmomi, har yana iya sauya ma'anar tsofaffin. Duk wanda ya danna a buga masa takarda, a haƙiƙa manhaja ya rubuta ya aika wa kwamfutar gayya ta gudanar, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga danna maɓalli zuwa fitowar takarda

Wannan ɓangare ne ya fi burge ni, domin an yi shi ne don ofishin da ba shi da injiniya. Kowace na'ura da aka kunna a kan AppleTalk da kanta take zaɓar lamba, ta yi shela ko akwai mai ita, in aka yi shiru ta riƙe. Firinta kuma tana rajistar sunan da mai ofis ya raɗa mata, tare da nau'inta. In ma'aikaci ya buɗe 'yar manhajar zaɓen firinta, wadda daga baya aka sani da Chooser, kwamfutarsa takan yi kira cikin wayar cewa duk mai nau'in LaserWriter ya amsa. Sunaye su bayyana, ya danna ɗaya, shi ke nan. Babu lambar da zai haddace.

In ya aika aiki, sai wata ƙa'ida mai suna PAP ta karɓi ragama. A cikinta firinta ce mai cewa a ba ni, ba kwamfuta ce mai cewa ungo ba. Firinta takan nemi ƙunshi har takwas, kowanne bayit 512, ta narkar da su, sannan ta nemi ƙari. Ta haka ba za a taɓa ɗura mata abin da ya fi cikinta ba. Duk minti guda ɓangarorin biyu sukan ɗan taɓa juna don a tabbatar kowa yana nan, in aka yi minti biyu ba a ji motsi ba sai a katse.

To idan mutum uku suka aiko a lokaci guda fa? Firintar ba ta da rumbun ajiye ayyuka. Wanda ya tarar tana aiki, sai ta ce masa ina da baƙo, kwamfutarsa ta yi ta sake ƙwanƙwasawa, kuma a kowace ƙwanƙwasa tana faɗin tsawon lokacin da ta yi tana jira. Da firintar ta gama, takan saurara na kimanin daƙiƙa biyu ta ji masu sallama, sannan ta buɗe wa wanda ya fi daɗewa a tsaye. Layi ne ba tare da mai tsaron layi ba, kowa shi yake faɗin lokacin da ya zo, kuma an yarda ba zai yi ƙarya ba.

Maganar kuma ba ta gefe ɗaya ba ce. Kafin ta aika shafi, Macintosh takan tambayi firinta wane samfurin haruffa take da shi, ta aiko da wanda babu. Firintar ma tana mayar da magana: takarda ta ƙare, takarda ta maƙale, ga sunan mai aikin da nake yi yanzu. Ma'aikaci yana zaune a teburinsa yake ganin wannan. Illar dai ita ce a shekarun farko kwamfutarsa takan zama a ɗaure har sai an gama, ba ya iya komai sai kallon saƙon. Sai a 1987, da zuwan MultiFinder, manhajar da ta ba Macintosh damar yin aiki fiye da ɗaya a lokaci guda, bugu a bayan fage ya zama ruwan dare.

Abin dariya, wannan waya ba don firinta kaɗai aka shimfiɗa ta ba. Apple ya yi alkawarin cikakken tsarin ofis, har da babbar ma'ajiyar fayiloli ta gayya, amma manhajar AppleShare ba ta fito ba sai 1987, bayan Jobs ya bar kamfanin tun 1985. Shekara biyu cur, babban aikin wayar shi ne kai shafi wurin firinta. Abin da ya ceci LaserWriter shi ne PageMaker, manhajar tsara shafi ta kamfanin Aldus da Paul Brainerd ya kafa a Seattle, wadda ta fito a Yulin 1985. Kamfanin Linotype kuma ya sa PostScript cikin manyan injinansa na maɗaba'a masu ɗigo har 2,540 a inci. Mai ƙaramar mujalla sai ya gwada shafinsa a LaserWriter, ya gyara, ya ɗauki fayil ɗin nan dai ya kai maɗaba'a, ya fito daidai wa daida, sai dai ƙarin kyau.

Inda aka fara jin jiki

Tunda shafi manhaja ne, babu mai iya cewa ga lokacin da zai ɗauka sai an gudanar da shi. Wasiƙa takan fito nan take. Zane mai sarƙaƙiya yana iya riƙe firinta rabin awa, fitila tana ta ƙyafta ido, ofis gaba ɗaya yana jira, mai wasiƙar layi biyu yana bayan mai taswira. Yadda aka saito na'urar daga kamfani, babu iyakar lokacin da aiki ɗaya zai ci. Wasu masu son lissafi ma da gangan suke aika mata ayyukan da za ta kwana tana yi, tunda ita ce kwamfuta mafi ƙarfi a ginin. In kuma wani ya yi kuskure ya rubuta umarnin da ke zagaye ba iyaka, sai dai a tashi a kashe ta.

Ma'adanar ma da ake ta yabo, kusan kashi biyu cikin uku nata wurin shimfiɗa hoton shafi ne. Ɗan abin da ya rage shi za a raba tsakanin haruffan da aka aiko da lissafin aiki. Mai tsara shafi ya zuba samfurin haruffa shida don ƙawa, sai firinta ta amsa da kalma ɗaya, VMerror, wato wuri ya ƙare. Zane ɗaya ya wuce gaɓa 1,500, ta ce limitcheck. Waɗannan kalmomi biyu sun zama abin da masu aikin ɗab'i suke furtawa cikin takaici. In kuwa aka nemi samfurin da babu shi a firinta kuma ba a aiko da shi ba, ba ta ƙin bugawa, sai ta musanya shi da Courier, mai kama da rubutun tafireta, layuka su hau kan juna. Mai buga Hausa ya san wannan ciwo ta wata fuskar: a haruffan da aka gina cikin waɗannan firintoci babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, don haka tilas a sami samfuri na musamman, kuma tilas ya bi aikin cikin waya duk inda za shi.

Amma ba nan gizo yake saƙar ba.

Yaƙin Laser Prep

Macintosh ba da PostScript take zane a allonta ba, tana da nata tsarin mai suna QuickDraw. Direban firinta, wato manhajar da ke cikin kwamfuta mai magana da firinta, shi ke fassara wannan zuwa wancan. Don a rage abin da zai bi ta siririyar wayar, sai injiniyoyin Apple suka yi dabara: suka tattara gajerun kalmomi cikin wani ƙamus, kowace kalma tana tsaye a madadin dogon umarni, suka sa shi a fayil mai suna Laser Prep. Mutumin da ya fara bugu da safe, kwamfutarsa takan tambayi firinta ko tana da ƙamus ɗin. In babu, ta aika shi, ya zauna a can har sai an kashe wuta. Duk wanda ya biyo baya sai ya yi magana a taƙaice.

A ƙa'ida, firintar PostScript tana share duk abin da aiki ya bari da zarar ya ƙare, ta koma yadda take kafin ya zo. Don ƙamus ya tsira daga wannan shara, akwai wata kalma, exitserver, wadda ke fitar da aiki daga cikin shingen, duk abin da ya rubuta ya zama na dindindin. An sa mata lambar sirri. Lambar da ake fitowa da ita daga kamfani sifili ce, kuma kusan babu mai canja ta, domin direban kowa da sifilin yake ƙwanƙwasawa.

Duk wanda ya taɓa kai gero injin markaɗen unguwa bayan an gama markaɗa attaruhu ya san abin da zai biyo baya. Apple yana ta fitar da sababbin direbobi, kowanne da nasa Laser Prep, kuma sabo ba ya jituwa da tsoho. A ofis mai kwamfuta goma, da wuya a ce duk iri ɗaya suke ɗauke da shi: wannan an sayo ta bana, waccan tun bara ba a taɓa ta ba. Mai tsohon direba ya riga kowa zuwa, ya ɗora ƙamus ɗinsa. Mai sabo ya aiko aiki, sai allonsa ya ce an shirya firintar da wani iri da bai dace da naka ba, sai an sake shirya ta. Ya amince. Firinta ta mutu ta farfaɗo, ta ɗauki lokaci tana ɗumama, ta tofo shafin gwajin da take fitarwa duk sanda ta tashi, haruffan da wani ya wahala ya ɗora mata da safe duk sun tafi. Minti goma bayan nan mai tsohon direba ya dawo da wata wasiƙar, shi ma a ce masa haka, shi ma ya amince. Haka za a wuni. Masu amfani da Macintosh da kansu suka raɗa wa abin suna yaƙi. PageMaker kuma ta zo da nata ƙamus ɗin daban, Aldus Prep, wanda shi ma yake neman wurin zama cikin 'yar ma'adanar da ta rage.

Ba na ganin injiniyoyin sun yi wauta. A kan waya mai wannan gudu, aika ƙamus tare da kowace wasiƙa asara ce da kowa zai ji a jikinsa. Kuskurensu na zato ne: sun ɗauka ofis zai zama bai ɗaya, ranar da aka sabunta ɗaya an sabunta duka. Maganin da aka yi ta bayarwa shi ne wani ya ɗauki faifai ya bi tebur-tebur ya daidaita kowa, kuma ko a 1991, da sabon tsarin aikin Macintosh mai suna System 7 ya fito, shawarar Apple ke nan: a sa sabon direba har a kwamfutocin da ba su koma sabon tsarin ba. A ɗakin kwamfuta na jami'a, inda kowane ɗalibi yake zuwa da nasa faifan, wannan magana ce kawai. Ba a huta ba sai da direban LaserWriter 8 ya zo a 1993, wanda Apple da Adobe suka yi tare, inda kowane aiki yake tafe da guzurinsa, ya ci ya tafi da kwanonsa. A lokacin Ethernet ya yaɗu, ma'adana ta yi araha, abin da ake tsoro a 1985 ya daina zama abin tsoro.

Da baƙi suka shigo

Firinta mai kyau irin wannan ba za a bar wa masu Macintosh su kaɗai ba. A jami'o'in Amurka, manyan kwamfutocin Unix suna da nasu tsarin bugu da ya fito daga Jami'ar California da ke Berkeley, lpr da lpd, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a hukumance a 1990. An gina shi ne don firintocin da ke karɓar rubutu layi-layi: ka miƙa fayil, a jera shi a layi, a tura. Aka yi ta gina gadoji tsakanin duniyoyin biyu, kamar CAP daga Jami'ar Columbia da Netatalk daga Jami'ar Michigan.

Nan wata matsala ta ɓullo wadda har yau ba ta mutu ba. Fayil ɗin PostScript rubutu ne, wasiƙa ma rubutu ce, to ta yaya mai tura aiki zai bambance? Da alamomi biyun farko, % da !, yake ganewa. In ya aika wasiƙa tsurarta ga firintar PostScript, sai ta ɗauki kalmar farko a matsayin umarni, ta ce ban san wannan ba, ta zubar da aikin, babu abin da zai fito. In kuma aka yi akasin haka, aka aika PostScript ga firintar da ba ta jin yaren, sai ta ɗauka wasiƙa ce ta kama buga umarnin kansa, shafi ɗaya ya zama tulin takardu cike da rubutun da ba ya karantuwa. Direban Windows ya ƙara dagula abin, domin yakan sa wata ɓoyayyiyar alama a gaban fayil, wadda ke gaya wa firinta cewa aikin baya ya ƙare. Alama ɗaya tak, amma ta tura % da ! daga mazauninsu, mai dubawa ya duba bai gan su ba. Duk wanda ya taɓa ganin firintar ofis tana ta tofo shafuka masu layi ɗaya na tarkacen alamomi, ɗan'uwan wannan lamari ya gani.

Sanya kwamfuta a tsakiya ta riƙa tara ayyuka ya 'yantar da ma'aikaci daga zaman jira, amma ya yanke zancen da ke tsakaninsa da firinta. Yanzu in kwamfutarsa ta tambayi wane harafi ke akwai, ɗan aike ne zai amsa, ba mai gida ba. Ɗan aiken kuma ba ya iya ƙirga shafuka, ko ya juya jerinsu, ko ya ciro shafi na 40 shi kaɗai, domin ba a sanin inda shafi na 40 ya fara sai an gudanar da 39 da suka gabace shi. Adobe ya fito da wata yarjejeniya ta sa alamomi cikin fayil masu cewa ga farkon shafi, ga haruffan da ake buƙata. Amma yarjejeniya ce ta ganin dama, manhajoji da yawa suna sa alamar alkawari a saman fayil su saɓa a ƙasa.

Warnock da kansa ya gano bakin zaren. A farkon shekarun 1990 ya rubuta wata takarda ta cikin gida da ya kira Camelot, daga ita aka haifi PDF a 1993. Yadda ake bayyana zane da haruffa bai canja sosai ba. Abin da aka cire shi ne ikon shirya manhaja: babu zagaye, babu sauya ma'anar kalma, kowane shafi yana tsaye da ƙafarsa, ga jadawali a ƙarshen fayil mai nuna inda kowanne yake. Aka rage wa yaren ƙarfi da gangan don a iya sarrafa shi. A hankali tsarin bugu ya koma kansa. Apple ya daina ƙera firintoci a ƙarshen shekarun 1990, ya ɗauki tsarin bugu mai suna CUPS a 2002, ya saye shi a 2007, ya jingine AppleTalk a 2009, sannan a 2023 ya cire abin da ke buɗe fayilolin PostScript daga macOS. Yadda wayar hannu take gano firinta da suna a yau, ba tare da an ba ta lamba ba, jikan waccan shela ce ta Chooser.

Firintocin da kansu dai ba su manta yaren ba. Tun farkon shekarun 1990 Hewlett-Packard ya yaɗa wata hanya mafi sauƙi: ƙofar sadarwa mai lamba 9100, duk abin da aka zuba mata sai ta miƙa wa firinta, ba ta tambayar wane ne. A ofishin da aka katange daga intanet ba laifi. Amma dubban firintoci sun wayi gari a kan intanet da ƙofar a buɗe. A Fabrairun 2017 wani mai kutse ya sa firintoci a ƙasashe da dama suka tofo saƙon gargaɗi, ya yi iƙirarin sun kai 150,000. A shekarar ce kuma masu bincike a Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus suka gwada firintoci ashirin na kamfanoni daban-daban. A cikin da yawansu, aikin bugu guda ya isa ya fita daga shingen, ya sauya ma'anar kalmomin yaren, ta yadda za a iya canja ko kwafe takardun duk wanda ya biyo baya. Hanyar da suka bi ita ce dai wadda Laser Prep yake bi kowace safiya, kuma lambar sirrin tana nan yadda aka fito da ita daga kamfani.